Ranar da Ya Dawo: Haƙƙin Ɗalibin da Ya Bar Shaye-shaye a Kan Malamansa

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na makon Ranar Yaƙi da Shan Miyagun Ƙwayoyi ta Duniya, a nan birnin Sakkwato.

 



A shekarar 1987 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da 26 ga watan Yuni a matsayin ranar yaƙi da shan miyagun ƙwayoyi da fataucinsu. Duk shekara idan ta zagayo, mukan tara yara mu ja musu kunne kada su fara, kuma hakan daidai ne, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, amma yau a kan wani yaron daban nake so mu tsaya: wanda jan kunnen bai riske shi ba, ya riga ya faɗa, aka sha wahala aka tsamo shi, ga shi yau da safe tsaye a ƙofar makaranta tare da mahaifinsa, yana neman a mayar da shi aji. Abin da za mu yi masa a wannan safiya, da watannin da za su biyo bayanta, shi ne zai fi yanke masa hukunci, ko ya tsira ko ya koma.

Bari mu fara da sanin yawan waɗanda ake magana a kansu. A farkon shekarar 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuffuka. Binciken ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Najeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye a shekarar da ta gabace shi, ban da giya da taba sigari. Wato kusan mutum ɗaya cikin bakwai ke nan. A nan Arewa maso Yamma kashi 12 cikin 100 ne, kimanin mutum miliyan 3. Tabar wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe raɗaɗi irin su taramol da mutum miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin da mutum miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Cikin kowane biyar kuma, ɗaya abin ya riga ya zame masa ciwo. Sannan cikin waɗanda suka fi nisa a harkar, kusan kashi 40 cikin 100 sun ce suna buƙatar magani, amma abu biyu suka fi tsare musu hanya: tsadar maganin da tsoron bakin mutane.

Ku riƙe wannan na ƙarshe. Kuɗin magani ba a hannunmu yake ba, amma bakin mutane, mu malamai muna da rabo babba a cikinsa.

Sunayen kayan ba baƙi ba ne a kunnenmu: wiwi, taramol, kodin, roci, egzol, sholisho, da giyar da ake sha a ɓoye. Muna kan hanyar iyaka, daga nan zuwa Illela da Birnin Ƙonni, kuma taramol mai ƙarfin miligiram 225, wanda ya ninka abin da likita ke rubutawa, ya daɗe yana yawo a ƙasashen Afirka ta Yamma. A watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken da BBC ta watsa, Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa tun 1989, tana kame tana ƙonawa. Duk wannan aiki ne mai kyau. Sai dai kama mai sayarwa ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Shi yana nan a gidajenmu da azuzuwanmu.

Me ke faruwa a jikin irin wannan yaro? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke riƙe linzami, mai auna ƙarshen al'amari kafin a aikata, shi ne na ƙarshen nuna. Idan ƙwaya ta shiga tun kafin nan, sai ƙwaƙwalwa ta saba, ta rage samar da jin daɗin da take bayarwa da kanta. Abin da ya fara sha don nishaɗi ko ƙarfin aiki, sai ya koma sha don kawai ya iya tashi daga shimfiɗa. Ranar da ya daina taramol ko kodin, jiki zai yi tawaye: ciwon gaɓoɓi, zawo, gumi, yawan hamma, rashin barci, har tsawon mako guda ko fiye. Wanda kuwa ya daɗe a kan giya ko roci da danginsa, yanke masa lokaci guda yana iya jawo farfaɗiya da ruɗewar hankali, har ma da mutuwa. Shi ya sa wannan mataki na asibiti ne, ba na kulle ɗaki ba ne.

Bayan ƙwayar ta fita daga jini, saura wata doguwar jinya da ido ba ya gani. Watanni zai yi barcinsa bai daidaita ba, ransa na saurin ɓaci, hankalinsa ba ya tsayawa kan allo, kuma ba abin da ke ba shi sha'awa. Malamin da bai san haka ba zai ce lalaci ne ko raini. Jinya ce. Masana sun daɗe da lura cewa mafi yawan masu komawa a watanni uku na farko suke komawa, kuma kimanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake taɓawa ko da sau ɗaya. Wannan adadi bai yi nisa da na masu hawan jini ko asma da ciwonsu kan tashi bayan ya kwanta ba. Ba wanda ke korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa. Magani ake gyara masa.

A al'adarmu, idan abin ya auku a gida, hanyoyi huɗu muka fi bi. Ta farko ɓoyewa, har sai abin ya fi ƙarfin ɓoyo; alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta biyu kora, daga makaranta ko daga gida, wadda ke miƙa yaro kai tsaye ga mutanen da kaɗai ba za su kore shi ba, wato abokan shansa. Ta uku a yi masa aure wai ya natsu, sai a wayi gari an ɗora nauyin jinyarsa a kan yarinyar da ba ta ji ba ta gani ba. Ta huɗu gidan mari. Mun tuna watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, yara da manya, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. A watan da ya biyo baya aka sami irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba ƙiyayya ce ta kai su ba. Hanya ce ta ɓace musu. Aikinmu ne mu nuna musu wata.

Hanyar kuwa tana kusa. Asibitin Tarayya na Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa yana nan Kware, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga inda muke zaune. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa a cikin gari. Hukumar NDLEA, ban da kame, tana da jami'an ba da shawara da gyaran hali, kuma tana da layin waya na kyauta da ake kira a asirce. Tun Janairun 2023 kuma ƙasar nan ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa mai jinya mutuncinsa. Abin takaici, sunan Kware ya zama abin tsokana a bakin yara. Duk malamin da ya ji an yi wa wani wannan ba'a a ajinsa ya yi shiru, ya ƙara wa wani gida tsoron zuwa asibiti.

Amma asibiti kwanaki ne ko makonni. Rayuwa tana waje. A nan zan kawo muku wani darasi daga nesa. A shekarar 1971, lokacin yaƙin Biyetnam, hankalin gwamnatin Amurka ya tashi don kusan ɗaya cikin biyar na sojojinta da ke can sun kamu da shan hiroyin da danginsa. Aka ɗora wa wata masaniya, Farfesa Lee Robins, aikin bin sawunsu bayan sun koma gida. Kowa ya zaci za su cika titunan Amurka da maye. Sai ta tarar cewa cikin waɗanda suka kamu, kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko, kashi 12 kuma a cikin shekara uku. Dalili a fili yake: sun bar wurin, sun bar abokan shan, sun bar fargabar da ke tura su, sun tarar da iyali da aiki da karatu suna jiransu.

Yaronmu ba shi da jirgin da zai ɗauke shi. Daga Kware unguwarsu zai dawo, majalisarsu tana nan, mai sayar masa ya san ranar da aka sallame shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tunda ba za mu iya sauya masa gari ba, sai mu sauya masa wuni: inda zai tashi ya nufa da safe, wanda zai zauna kusa da shi, da wanda zai lura in bai zo ba. Wurin da ke iya ba matashi waɗannan duka a lokaci guda, makaranta ce.

Na san abin da ke ran wasunmu. Wani zai ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma sauran yaran amana ce a hannunmu. Gaskiya ne. Shi ya sa dole mu rarrabe tsakanin mai jinya da mai fatauci. Wanda ya shigo da kaya yana sayar wa yara ko yana koya musu, hukuma ce maganinsa, ba sassauci. Wanda kuwa ya daina yana neman tsayuwa, haɗarinsa ga 'yan ajinsu ya fi yawa idan yana zaune a bayan katanga ba aikin fari ba na baƙi, yana jiran a tashi. Wani kuma zai ce ajinsa ya cika ya batse, albashi bai kai wata ba, ina lokacin wannan? Shi ma gaskiyarsa ce. To, ga abubuwan da nake roƙo, mafi yawansu ba sa cin kuɗi.

Na farko, rufin asiri. Shugaban makaranta, malamin aji da malami mai ba da shawara, su uku sun isa su sani. Kada a fito da shi gaban taron safe a mai da shi abin wa'azi. Kada labarinsa ya zama abin hira a ɗakin malamai. Kalmar "ɗan ƙwaya" kuwa, idan ta fito daga bakin malami sau ɗaya, sunan ya bi shi ke nan har ya bar makarantar.

Na biyu, a ba shi mutum ɗaya. Malami ko malama da shi yaron ya yarda da ita, a keɓe minti goma sau biyu a mako, a tambaye shi barcinsa, abincinsa, da wanda yake yawo da shi. Idan bai zo makaranta ba, a nemi gidansu a ranar, kada a bari sai mako ya zagayo.

Na uku, yarjejeniya a rubuce tsakanin ɗalibi, mahaifi da makaranta: zai zo kullum, ba zai shigo da komai ba, za a ba shi izinin zuwa asibiti ranar da likita ya sa masa, kuma ga abin da zai biyo baya idan ya saɓa. Tausayi ba ya hana doka. Mai murmurewa ya fi kowa buƙatar iyaka bayyananna.

Na huɗu, karatun da ya wuce shi. A zaunar da shi gaba, a raba masa aikin kaɗan-kaɗan, a haɗa shi da ɗalibi natsattse. Idan shekarunsa sun wuce aji, akwai jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu, akwai NABTEB ga mai sana'a, akwai azuzuwan yaƙi da jahilci. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar, tsakanin La'asar da Isha'i. Nan ne ramin yake. A cike wannan lokaci da Islamiyya, ƙwallo, ko sana'a a hannun maigidan da ya san halin da ake ciki: ɗinki, walda, gyaran waya, dukanci da garin nan ya yi suna a kansa, ko noman rani a fadama. A yi hattara da aikin ƙarfi irin dako da kabu-kabu a watannin farko, don a nan ne ake tallar taramol da sunan maganin gajiya. A kuma ƙara sa ido lokacin Salla, bukukuwa, jarrabawa, da kakar siyasa da ake ɗibar matasa banga.

Na shida, mu san alamar haɗari. Wanda ya daina na wani lokaci, jikinsa ya manta da ƙwayar. Idan ya koma ya sha adadin da ya saba a da, yana iya kashe shi. In aka ga ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, ƙwayar idonsa ta tsuke, ko yana farfaɗiya, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko madara ko manja, a garzaya asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Idan ya zame fa? A nan ne imaninmu da aikin ke fuskantar jarrabawa. Malamanmu sun karantar da mu cewa haramcin giya mataki-mataki ya sauka, a surorin Baƙara, Nisa'i da Ma'ida, domin Mahalicci Ya san yadda sabo ke riƙe ɗan Adam. A cikin Sahihul Bukhari akwai labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Wata rana wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana tsinuwar, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. An yi masa hukunci, amma ba a yar da shi ba. 'Yan uwanmu Kirista su ma suna da labarin ɗan da ya ɓace ya dawo a Linjilar Luka. Hausawa kuma suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Saboda haka idan ya zame, a koma asibiti da wuri, a binciki abin da ya tura shi, a gyara yarjejeniya, a ci gaba.

'Yan uwana malamai mata, akwai kaso na musamman a wuyanku. Yarinyar da ta kamu da kodin ko roci ta fi namiji shan wuya, don iyayenta na tsoron kada maganar ta hana ta aure, sai a cire ta daga makaranta a kulle a ɗaki. Garin nan yana da abin koyi a kan haka. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajis suna kai ilimi ga matan da ba sa iya zuwa inda take. Wadda ba ta iya zuwa makaranta, makaranta ta je mata. Malama ɗaya da za ta yi sallama a gidan sau ɗaya a mako, da littafi a hannu da baki mai riƙe sirri, tana iya zama silar dawowarta.

Daga ƙarshe, ga buƙatu huɗu da nake miƙa wa shugabannin reshe. Ɗaya, a rubuta wa Ma'aikatar Ilimi a nemi ƙa'ida rubutacciya ta mayar da ɗalibin da ya yi jinya, don kada makomarsa ta rataya ga halin shugaban makarantar da ya tarar. Biyu, malamin ba da shawara, wanda manufar ilimi ta ƙasa ta tanada, a rage masa darussa, a ba shi ɗaki mai ƙofa. Uku, reshe ya gayyaci likitocin Kware da na Asibitin Koyarwa da jami'an NDLEA su horar da mu ko da sau ɗaya a zango. Huɗu, asusun jin daɗin 'yan ƙungiya ya buɗe ƙofa ta sirri ga malamin da ɗansa ke jinya, a kuma nemi haɗin kan Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jiha don marasa hali. A cikin wannan har da abokin aikinmu da shi kansa giya ko ƙwaya ta kama: a taimaka masa ya sami hutun jinya tun kafin takardar kora ta riske shi. Tun 1931 da aka kafa Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, tsaya wa juna ne jarinta.

Iyaye da ke zaune a nan, idan abin ya shigo gidanku, kada kunya ta hana ku zuwa wurinmu. Malamai kuma, idan uba ya zo ya sunkuyar da kai ya faɗa muku, ku tuna irin nauyin da ya ɗauka kafin ya buɗe baki. Ɗa na kowa ne, kuma idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba masu jinya lafiya mai ɗorewa, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya sa mu zama sanadin tsirar wani.